Ranar da Muka Tono Dikin Pinnock

Ranar da Linval ya cika wata huɗu a hannun 'yan sanda, wata baƙar mota ta hawo tudun Jericho Pen ta tsaya a ƙofar gidan uwarsa. Ina shagona a tsallaken hanya ina goge katako na ga mutumin da ya fito, sanye da kwat da tabarau, takalminsa sai sheƙi yake. Irinsu ba sa hawo mana tudu sai zaɓe ya ƙarato.

Bai yi rabin awa a ciki ba Icilda ta leƙo ta yafuto ni.

"Kawu Ferdie, zo ka zama shaida."

Ni ba kawunta na jini ba ne. Abokin ubanta ne ni, kuma kafintan ƙauyen. Ni na ƙera akwatin da aka sa shi, ni na haƙa kabarinsa a bayan gida ƙarƙashin mangwaro, shekara goma sha bakwai ke nan. Ubanta shi ne Uriah Pinnock, wanda kowa ke kira Dikin saboda muƙaminsa a coci. Shi ya fitar da mu masu saran rake yajin aiki a shekarar talatin da takwas, shi muka fara zaɓa ya je majalisa. Yanzu yara suna haddace sunansa a makaranta. Jikansa Linval kuwa, masunci ɗan shekara ashirin da shida, yana kwance a kan siminti saboda ƙullin wiwi da bai kai kwalin ashana ba. Doka ta ce wata goma sha takwas da aiki mai tsanani, alƙali ba shi da ikon ragewa. An sa shari'ar ranar Litinin. Linval yana da ciwon fuka tun yana goye, kuma zuwan Icilda na ƙarshe ta ga jini a tsumman da yake tari a ciki.

Baƙon ya ce sunansa Mista Tulloch, daga wani ofishi a Kingston. Icilda ta ajiye masa dafaffiyar ayaba da kifin gishiri, ko kallo ba su ishe shi ba.

"Miss Icilda, gwamnati ta yanke shawarar karrama mahaifinki. Za a kwashe ƙasusuwansa a kai dandalin gari, an gina masa hubbare. Sai dai akwai 'yar matsala. Wasu yara marasa aikin yi, masu tukkayen gashi, sun buga takarda suna rabawa a birni, wai Dikin Pinnock mashayin wiwi ne, wai tunda iyayen ƙasa sun sha, da wane dalili ake ɗaure 'ya'yan ƙasa."

"Yara ai sai surutu," in ji Icilda, idonta a ƙasa.

"Shi ya sa nake son ki sa hannu a nan. Rantsuwa ce cewa bai taɓa sha ba, bai taɓa taɓawa ba. Za a buga a jarida."

"Ɗana fa, yallaɓai?"

Tulloch ya cire tabarau ya goge. "Ba zai yi kyau a ce jikan gwarzon ƙasa yana kurkuku ranar bikin kakansa ba. Takardu sukan ɓace. Saje yakan manta abin da ya gani. In komai ya tafi lafiya, Litinin ɗanki zai kwana a gadonsa. In aka samu wani abin kunya kuwa, ni ban san ki ba."

Ta karɓi alƙalami ta sa hannu. Ya juyo gare ni.

"Kai fa, Baba? An ce tare kuka tashi. Ka taɓa ganinsa yana sha?"

"Ni, yallaɓai? Ko giyar rake Dikin bai taɓa ɗanɗanawa ba."

Wannan kam gaskiya ce tsagwaronta. Na dangwala yatsa a ƙasan sa hannunta.

Sai da ya kai bakin mota ya waiwayo kamar wanda ya tuna abu maras muhimmanci. "Asabar za a tono. Kai za ka yi aikin, Baba, tunda kai ka san wurin. A nan za a buɗe akwatin a gaban likita da mai ɗaukar hoto, a juye cikin sabo."

Motar ta gangara. Icilda ta dafa bango ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

"Buɗewa za su yi, Kawu."

"Na ji."

"Ni na ɗauka da akwatin za su ɗaga. Ka tuna abin da muka sa masa a hannu?"

Yaya zan manta? A wurinmu ba a binne mutum ba tare da abin da ya fi shaƙuwa da shi ba, in ba haka ba fatalwarsa za ta dawo nema, ta hana gida sakat. Wani a sa masa kwalba, wani katin caca, wata tsohuwa an sa mata haƙoranta na roba. Dikin kuwa lofensa muka sa masa, ɗan guntun lofen yumɓu da wani Ba'indiye mai saran rake ya ba shi tun suna samari. Duk wanda ya gan shi ya san ba na taba ba ne, na wiwi ne. Icilda ce ta buɗe yatsun gawar ta cusa, ni na buga ƙusa a kai.

"Wataƙila ya ruɓe," in ji ta.

"Yumɓu da ya sha wuta ba ya ruɓewa, Icy. Ni zan ruɓe, ke za ki ruɓe, shi yana nan."

"To kai za ka fara shiga ramin. Ka ɗauke kafin su gani."

Na ja da baya. "In ƙwace lofe daga hannun matacce? Kin san abin da kike cewa? Cephas Brown na ƙauyen nan hular mamaci kawai ya ɗauka, har ya mutu wuyansa a karkace."

"Wuyanka ya karkace, Kawu. Ɗana ba zai kai Kirsimeti a can ba." Ta ɗago ta dube ni. "Baba ya mutu. Linval bai mutu ba tukuna."

Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Na tsallaka hanya na koma shago.

Kwana ukun nan ba abin da nake tunawa sai safiyar da muka fita yaji. Mu ɗari huɗu ne a bayan ma'ajiyar rake, da addunanmu, an ce 'yan sanda na jiranmu da bindiga a gadar ƙarfe. Dikin ya zauna a kan dutse, ya cika lofen nan a nutse, ya kunna, ya ja sau uku, ya miƙo mini. Wani ya ce, haba Dikin, kai da kake karanta mana Littafi ran Lahadi? Ya ce, "Mai gona ya sayi hannuna daga shida na safe zuwa shida na yamma. Bai sayi ƙirjina ba. Abin da zan sa a ƙirjina tsakanina da Mahaliccina ne. Ku tashi mu je." Muka tashi. Mutum biyu ba su dawo daga gadar nan ba. Abin da ke littafin makaranta ke nan, ban da lofen.

Asabar da hantsi bayan gidan Icilda ya cika. Ga Tulloch, ga likita, ga limamin coci, ga mai hoto da kyamara a wuya, ga 'yan makaranta da tutoci. Tsofaffin da suka rage daga cikinmu sun jeru a inuwa a kan benci. Ga kuma Saje Hylton, wanda ya kama Linval, ƙato mai tumbi, yana zagaye kabarin da kulki a hammata.

"Tsoho Ferdie," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "an ce da agogon zinariya aka binne shi, wanda ƙungiyar ƙwadago ta ba shi. Idona na kanka. Na san ku masu haƙa kabari, hannunku ya fi na ɓera sauri."

"In ka ga zinariya a ramin nan, Saje, na ba ka kyauta ka gyara haƙoranka."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Babu wani agogon zinariya. Na gwangwani ne, kuma Dikin ya ba wani maroƙi tun yana raye. Amma labari ya riga ya yi ƙiba a bakin mutane.

Magina biyu da aka ɗauko su taya ni suka ce ba za su sa diga ba sai an sallami mai kabarin. Aka kawo farar giyar rake, suka zuba a kusurwa huɗu, suka kurɓa, suka shafa a fuska. Daga kan benci Miss Adina, wadda ta haura tamanin, ta ce, "Ku yi ta zuba masa abin da bai sha ba. Da kun san abin da yake so..." Maƙwabciyarta ta zungure ta, ta yi shiru.

Muka fasa siminti. Muka yi ta haƙa har rana ta take tsaka. Saiwar mangwaro ta nannaɗe ko'ina, sai da adda muka bi ta. Da shebur ɗina ya bugi katako na ce wa maginan su fita, ramin ya yi mana kaɗan. Akwatin yana nan yadda na ƙera shi, gefe ɗaya ne kawai ya lotsa.

"A ɗaura igiya a fito da shi," in ji Tulloch daga sama.

"Ba zai ɗagu ba, yallaɓai. Gindin ya ruɓe, in aka ja zai zube. Sai dai in buɗe a nan in riƙa miƙo muku."

Likita ya gyaɗa kai. Na durƙusa, na juya musu baya, na sa ƙarfe na ɓamɓare murfin daga wajen ƙirji.

Baƙar kwat ɗinsa ta zama kamar ganyen da ya kwana cikin ruwa. Ƙasusuwan sun yi ja kalar ƙasar. Ga yatsun a kan ƙirji, a tattare, ga lofen a tsakaninsu ko tsagewa bai yi ba.

"Dikin," na ce a hankali, "ni ne Ferdie. Ka yi haƙuri. Don Linval ne."

Na zare shi. Ƙananan ƙasusuwan yatsun suka wargaje suka zube cikin haƙarƙari. Na cusa lofen cikin takalmina na roba, na ture murfin gaba ɗaya, na ce, "Ga shi nan." Kyamara ta fara walƙiya. Limami ya ɗauko waƙa, yara suka amsa.

Ɗaya bayan ɗaya na miƙa, likita yana ƙirgawa yana jerawa cikin sabon akwati mai tuta. Icilda na tsaye a bakin ramin. Na dube ta sau ɗaya na lumshe ido. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Da na hau tsani na fito, ƙafata ɗaya ba ta taka daidai, don lofen ya zame ƙarƙashin tafin ƙafa, in na danna zai fashe. Taku uku na yi kulkin Saje ya tare mini ƙirji.

"Ina agogon?"

"Na gaya maka babu agogo, Saje."

"Da ka shiga ba ka ɗingishi. Na ga hannunka ya je ƙafarka. Cire takalmin."

"Saje," in ji Tulloch, "wannan ba lokacin..."

"Kayan gwarzon ƙasa ne, yallaɓai, aikina ne. Cire, ɓarawon kabari!"

Waƙar ta mutu. Na dubi Icilda, leɓunanta suna motsi ba sauti. Saje ya hankaɗa ni na zauna daɓas a kan tarin ƙasa, ya fizge takalmin da kansa, ya kife shi. Lofen ya faɗo ya mirgina ya tsaya a gaban takalmin Tulloch mai sheƙi.

Kyamara ta yi walƙiya sau ɗaya kafin Tulloch ya sa tafin hannu ya rufe mata ido.

Saje ya ɗauka ya jujjuya. Ya sansana. Fuskarsa ta nuna ya gane ya tono abin da ya fi ƙarfinsa. Jar ƙasar kabari ta cika bakin lofen dam, wata siririyar saiwa ma ta ratsa ta cikinsa. Ko makaho ya shafa ya san ba jiya aka ajiye shi ba.

Tulloch ya matso. Muryarsa ba ta tashi ba, amma har na kan benci sun ji.

"Baba, ka yi tunani kafin ka amsa. Ranar Talata ka dangwala yatsa, Miss Icilda ta yi rantsuwa. In daga cikin akwatin nan wannan abu ya fito, rantsuwar ƙarya ce, kuma ba ni da abin da zan yi wa kowa ranar Litinin. In kuwa wani tsohon banza ne ya shigo da kayan shaye-shayensa wurin bikin ƙasa, wannan tsakaninsa da Saje ne. Na wane ne?"

Ni ma na san dokar. Lofen kansa laifi ne na wata goma sha takwas, ko ba a same ka da ganye ba. Shekarata sittin da huɗu, rabona da ja tun mutuwar Dikin. Na dubi benci. Mutum bakwai ne a kai, biyar sun sha daga lofen nan da bakinsu. Duk suka sunkuyar da kai, ban da Miss Adina da ta zuba mini ido.

"Nawa ne," na ce.

"Ƙara faɗa, likita bai ji ba."

"Nawa ne, yallaɓai. Kullum a takalmi nake ɓoye shi. Ƙasar da kuke gani ta shiga ne ina haƙa."

"Har da saiwa?" in ji Miss Adina, ta fashe da wata dariya mai kama da kuka. "Ferdie, a ƙafarka mangwaro ya tsiro?"

"Ku kai tsohuwar nan gida, rana ta buge ta," in ji Tulloch. Ya juya ga limami. "A ci gaba da waƙa."

Aka ci gaba. Dikin ya tafi gari a baƙar mota da tuta a kansa, ni na bi bayansa a motar 'yan sanda da takalmi ƙafa ɗaya. Icilda ta biyo mu da gudu har kwanar coci tana kiran "Kawu! Kawu!" sannan ta tsaya.

Ɗakin tsare mutane ɗaya ne a ofishin 'yan sandan, don haka wurin Linval suka jefa ni. Da farko ban gane shi ba. Sun aske masa kai ƙwal da kwalba, tabo ko'ina, wuyansa ya zama kamar sandar rake. Yana zaune a kan kwali a lungu, inda iska ke ɗan shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Baba Ferdie? Me ka yi, ka sayar wa wani akwati mai yoyo?"

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, sai da na riƙe shi. Da ya lafa na ba shi labari duka, ban rage komai ba. Yana ji fuskarsa tana canjawa.

"Wato gaskiya ne. Kaka yana sha."

"Kamar bututun injin rake."

"Kuma Mama ta rantse bai sha ba. Kai kuma ka ce naka ne." Ya miƙe yana dafa bango. "Baba, ka san abin da kuka binne yau? Mutum nawa ne ke fasa dutse a kurkuku saboda ganyen nan? Hujja ta fito daga ƙasa da kanta, a gaban likita, a gaban jarida, kuka mayar da ita takalmi!"

"Zauna kafin ka faɗi."

"Ba zan zauna ba. Litinin zan gaya wa alƙali. Zan ce lofen kakana ne, a kira Miss Adina."

"Sai me? Alƙali ya tashi ya rungume ka? Mai hoton ma an zare masa fim tun a mota, da idona na gani. Za a ce tsohuwa ta ruɗe, a ɗaure uwarka kan rantsuwar ƙarya, ni a ɗaure ni kan satar kabari, kai a fito da kai a ɗaya daga cikin akwatunana."

"Shi Kaka da haka zai yi? Ya ce ƙirjinsa nasa ne, kai ka gaya mini haka tun ina yaro."

"Na gaya maka. Shi nasa ƙirjin lafiyayye ne. Dubi tsumman hannunka."

Ya duba. Ya dunƙule shi ya ɓoye a bayansa.

"Ba ni na roƙe ka ba, Baba."

"Ba kai ka roƙe ni ba. Ni ma ba shawararka na nema ba. Kana ta maganar 'yanci, to wata goma sha takwas ɗin nawa ne, na ga damar kashe su haka. Kai dai ka rufe mini baki ka fita."

Bai sake yi mini magana ba ranar, haka ma Lahadi. Da aka kawo burodi da ruwan shayi ya tura mini nasa, na tura masa, ya bar shi a tsakani har ƙudaje suka rufe.

Litinin da safe muka ji takun Saje Hylton da ƙarar makullai. Ya buɗe ƙofa bai dubi kowa a ido ba.

"Linval Pinnock. An nemi takardunka an rasa. Kwashe tsummanka, uwarka na waje."

Linval bai motsa ba.

"Kurma ne kai? Ko ka saba da wurin?"

"Saje," in ji Linval, "lofen nan da ke teburinka..."

Na kama idon sawunsa na matse da duk ƙarfin da ya rage mini. Ya dubo ni. Daga waje ana jiyo muryar Icilda tana tambayar wani ɗan sanda ko an ba ɗanta maganinsa.

"Lofen me?" in ji Saje.

Ƙirjin Linval yana ta shaƙa kamar tsohon zugazugi.

"Ka riƙe shi da kyau," ya ce daga ƙarshe. "Na tsoho Ferdie ne. Kar ya fashe."

Na saki ƙafarsa. Ya fita yana bin bango, bai waiwayo ba. Saje ya ja ƙofa zai rufe, ya tsaya.

"Kai kuma ƙarfe goma za ka ga alƙali. Ka amsa laifi, kar ka ɓata mana lokaci."

"Zan amsa. A dai samo mini ɗaya takalmin."

Ya kulle. Na ja jiki na koma lungun da iska ke shigowa, na zauna a kan kwalin Linval. Da sauran ɗuminsa.